Yarinyar da Ta Zana Fuska

Na dawo Diffa daga jami'a da jaka cike da takardu, kaina kuma ya fi jakar kumbura. Halayyar yara 'yan makaranta nake nazari, kuma kundin digirina a kan yaran da rikici ya raba da garuruwansu zan rubuta shi. Wata ƙungiya ta ce za ta ɗauki yara goma daga wani aji a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga, waɗanda damuwa ta fi yi wa nauyi, a riƙa zama da su kowane mako. Ni aka ɗora wa zaɓen goman.

Hanyar da aka koya mana ba ta da wuya. A ba yaro takarda da fensir, a ce ya zana mutanen gidansu, sannan a duba wani littafi da aka rubuta a ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Littafin ya ce mutum marar ido ko marar baki alamar damuwa ce, layi a wuya kuwa sai addu'a.

Da na baje takardun a tabarma sai gabana ya faɗi. Kusan duk ajin kawuna ne fayau babu fuska, da yawa an ja musu layi a wuya. Allah Ya yafe mini, a cikin tsoron har da ɗan daɗi, don na ga kundina ya samu nama. Yarinya ɗaya ce ta zana mutum guda da idanunsa, da tsagen Barebari a kumatu, da wushirya. Na ce wannan lafiyarta lau, na sa ta can ƙarshen jeri.

Na kai wa malamar ajin sunayen. Dattijuwa ce Babarbariya, ta fara koyarwa tun ina goye. Ta duba, ta dube ni, ta yi dariya.

"Ƙanwata, ke ba a yankin nan kika yi allo ba?"

Na ce a nan na yi.

"To me malam ya ce a kan zana mai rai? A bar fuska, ko a ja layi a wuya don kada ya cika. Lallai kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da kaina na sha jan wannan layi a wuyan raƙumi da jaki ina ƙarama, amma 'yan shekaru a ɗakin karatu suka shafe mini shi.

Sai malamar ta daina dariya, ta ɗora yatsa a sunan ƙarshe. Ta ce yayan yarinyar nan ya koma gonar tattasai a bakin kogin Komadugu don ya ɗauko injin ban ruwa, bai dawo ba. Tun daga nan ba a jin muryarta, a aji ko a gida, har babanta ya fara cewa zuwa lakwal ɗin, wato makarantar boko, ba shi da amfani. Kuma duk ajin babu wadda ta fi ta kiyaye maganar malam.

Na roƙi ƙarin mako guda, na ajiye littafin. Muka riƙa zama da yaran ɗaya bayan ɗaya a inuwar bishiyar bedi, malama tana yi mini tafinta, don Barbarcina na cinikin kasuwa ne. Yarinyar ta zo sau uku tana ta wasa da bakin hijabinta. A karo na huɗu na ajiye zanenta a tsakaninmu na jira ta fara magana, abin da ba a san ni da shi ba.

Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Madam, zunubi ne?"

Na ce ni ba malamar addini ba ce, amma ina so in san ko wane ne.

"Yayana ne. Kullum ina zana shi a ƙasa in share. Ina tsoron kada in manta hancinsa."

Na buɗe littafin rubutuna na ce ta faɗa mini kamanninsa da baki, in rubuta mata, rubutu ba ya mantuwa. Ta fara daga hancin. Har aka kira la'asar ba ta gama ba.

Ta shiga cikin goman. Kundin kuwa na sake shi daga tushe, ya ci mini ƙarin shekara, ban kuma yi nadama ba. Yau da nake koyarwa, ɗalibina ba ya taɓa takardar auna damuwar yara sai ya zauna da malaman aji da iyaye tukuna.

Bayan wata biyu da shigar yarinyar cikin goman, babanta ya tare ni a bakin lakwal. Na zaci ya zo cire ta ne, na fara shirya magiya. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, sannan ya ce, "Malama, jiya 'yar taki ta yi faɗa da ƙanwarta a kan takalmi, har maƙwabta suka leƙo. Uwarta ta hana a raba su. Ta zauna tana saurare, tana share hawaye."