Ƙwazon da Muka Yi wa Guɗa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauko gawar yayana Sale daga fadamar rake a Nasarawan Doya, kuma har yau in na ji gangar noma sai gabana ya faɗi.

Wanda bai ga Yaya Sale da damina ba, bai san shi ba. Ruwan farko na sauka sai ya zama wani mutum. Ba ya zama, ba ya barci, bakinsa ba ya shiru. In an kira gayya shi ke fara kai ƙarshen kunya, makaɗa na bin sa da kirari, mu mata muna rangaɗa guɗa. Amma hatsi na shiga rumbu sai ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya, tuwo ya huce a gabansa, ko sallama ba ya amsawa.

Wannan shirun muka ɗauka shi ne ciwon, shi muka yi ta nema wa magani. Malami ya ce iskar fadama ce. Mai kemis a Makarfi ya ce taifot. Kawunmu ya rantse sammu ne, har muka daina gaisawa da maƙwabtan da ba su ji ba ba su gani ba. A asibitin Zariya aka ce damuwa ce. Ba mu taɓa kai shi gaban likita da damina ba. Wa zai kai gwarzon gayya asibiti?

Sai a zuwan ƙarshe wata likita ta tambayi Inna, mahaifiyarmu, ko akwai lokacin da ba ya barci. Inna ta ce, "Ai likita, da damina Sale ba ya kwanciya, namijin duniya ne." Likitar ta ce mai yiwuwa ƙwazon da shirun ciwo ɗaya ne mai fuska biyu, a dawo da shi in ruwa ya sauka. Bai kai ruwan ba.

Da zai dawo yau, zai tarar maganin feshi ya kusa kashe gayya, ana ma maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a rediyo ba kunya. Zai kuma tarar da ɗansa Habibu ya zama magidanci. Bana Habibu ya nome gonarsa, ya nome ta surukinsa, matarsa ta ce rabonsa da barcin kirki tun shuka. Gari na ta yabo, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni kuwa tsoro nake ji. An ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake, to Allah ya sa tsumma na gani.

Na roƙe shi mu je asibiti tun yana kan ƙarfinsa. Ya yi dariya irin ta ubansa sak. "Haba Gwaggo, mai lafiya ake kaiwa asibiti? Ban taɓa jin ƙarfi irin na bana ba."

Abin da Yaya Sale ya bar mana ke nan: wannan dariyar, da sanin lokacin da ya kamata a kai mutum. Allah ya jiƙansa. Habibu bai yarda ba tukuna, ga shi dawa ta riga ta fitar da kai.