Igiyar Waya a Gindin Tsamiyarmu

Zamanin Nasara, duk kaka sai kamiyon ɗaukar gujiya ta kafe a rairayin gulbi, daf da Madarunfa, mu mazan gari mu fito mu tura. Shekarar da na yi aure mai motar ya gaji da roƙonmu. Ya sayo wani injin ja mai naɗe da igiyar waya, aka huda ƙarfen bayan motar, aka ɗaure shi da manyan kusoshi. Muna tsaye muna sa albarka, mun ɗauka kafaɗunmu sun huta.

Ashe injin ba ya ja sai an ɗaura igiyar a jikin abu mai ƙarfi, kuma baya yake ja. Abin da ke bayan mashigin kuwa tsamiyar gidanmu ce, inda baffana ke yanka jan zakara kafin shuka, don shi bai bar al'adar kakanni ba.

Baffa ya tare direban ya ce, "Ɗana, itacen nan da masu shi."

Direban ya ce, "To su fito su tura, Baba."

Jama'a suka yi dariya, har da masu zuwa wurin Baffa a ɓoye in ruwa ya yi jinkiri. Igiyar ta riƙa cin ɓawo kaka bayan kaka, har tsamiyar ta bushe a tsaye.

Da ta faɗi, mai motar ya aiko a tara maza. Muka koma turi kamar da, sai dai yanzu babu inuwar da za mu sha iska.