Tsamiyar da Bature Ya Ba Ni

Ni ba mai ilimi ba ne. Allo kawai na yi, shi ma ban yi nisa ba. Abin da zan faɗa ya faru ne lokacin da ake kwaso gwamnati daga Legas ana kawo ta Abuja, ko'ina jar ƙasa da ƙarar katafila. Ina leburanci a wani kamfanin gine-gine, na kama hayar ɗaki ɗaya a ƙauyen Jabi, gidan wani dattijo Bagwari manomin doya. Baba muke ce masa.

Matata ta haihu sau biyu a garinmu, ba wanda ya kai yaye. Ta ukun a Jabi aka haife ta, mace. Gaskiya ban yi murna ba, tsoro na ji. Ko tari ta yi sai in tashi in duba ta.

Bayan suna na kai goro wurin aiki. Akwai wani injiniya Bature da nake riƙe wa sandar awo, shi ma na miƙa masa. Ya gutsura, ya yamutsa fuska, aka yi ta dariya. Washegari ya kira ni gindin motarsa, ya fito da gwangwanin madara da ɗan tsiro a ciki. Direbansa, wani Bayarabe da ya zauna Kano, shi ya yi tafinta. Wai a ƙasarsu in an yi haihuwa ana dasa wa jaririn itace su tashi tare. Wai kakarsa in tana son sanin lafiyar jikanta da ke nesa, itacensa take fita ta duba. Direban ya ƙara da nasa, ya ce su ma akwai masu binne cibiya su dasa kwakwa a kai, kuma ba a wasa da wannan itacen.

Na duba ganyen. Tsamiya ce.

A garinmu ba a dasa tsamiya cikin gida. Kowa ya san gidan mutanen ɓoye ce, mai goyo ba ta bi ta ƙarƙashinta da rana tsaka. Shi kuwa Baturen sai murmushi yake, ya ce ya zaɓe ta ne don tana daɗewa a duniya. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce na gode oga. To me zan ce?

Da na isa gida matata ta leƙa gwangwanin, ta ja ɗiyarta ta rungume.

"Malam, fitar min da abin nan."

Baba yana zaune yana gyara fartanya. Ya ji duk bayanin, ya girgiza kai.

"Ɗana, wannan tsamiya, shi ba ya kwana gidana."

Na ce to bari in jefa ta rafi. Ya ce a'a. A wajensu kyauta mai rai ba a yar da ita, ba a ba wani, balle wadda aka riga aka ambaci yarinya a kanta. Na je wurin limaminmu, ya ce duk camfi ne, rai a hannun Allah yake, in watsar. A cikin masallaci na yarda da shi sarai. Da na fito na ɗauki gwangwanin sai hannuna ya ƙi.

A bakin gonar Baba na dasa ta, kusa da rafi, na kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Kullum bayan asuba, kafin motar kamfani ta zo, sai in je in ba ta ruwa. In yi bisimilla in zuba, in juyo ba waiwaye. In na ga ganye ɗaya ya yi ɗorawa, ranar ba na gane awon da ake yi. In kuma na ga ta yi sabon reshe, sai in tuna in ta girma masu ita za su tare, kuma sun san ko ta wace ce. Ban san wanne zan roƙa ba, ta rayu ko ta tsaya haka. Shekara biyu ina wannan wahala. Baturen ma ya koma ƙasarsu, ya bar ni da ita.

Sai aikin titi ya biyo ta gonar Baba. Ni da hannuna na kafa turken awo mai jan fenti, taku biyu daga tsamiyar. A satin nan ƙyanda ta kama yarinyar. Jiki kamar garwashi, ido ya rufe, ko koko ba ta karɓa. Muka kai ta asibiti aka yi mata allura, aka ce mu koma gida mu jira.

Na ji an ce katafila za ta shiga gonar jibi. Na ɗauki diga na tafi. Lokacin tsamiyar ta kawo min ƙugu. Na yi ta haƙa, saiwar sai ƙasa take yi, ba ta da niyyar ƙarewa. Na gaji, na ɗan ja. Na ji ƙas. Har yau in aka karya kara kusa da ni sai na tuna wannan ƙarar.

Na saɓo tsamiyar har cikin gida. Baba ya dube ni, ya dubi ɗakinmu. Can ya nuna min bayan rumbu da haɓa. Matata tana kallo na dasa.

Kwana uku ganyen ya zube. Kowace safiya sai in sa farce in kankare bawon in ga ko da sauran kore. Da farko akwai. Daga baya sai na gangara ƙasa-ƙasa nake samu. Ranar da na kankare har gindi na tarar ta bushe ƙayau, sai na zauna a wurin. Ban iya shiga ɗaki ba. Na kasa kunne, ba kuka, ba motsi. Ina jira ne kawai in ji salatin mata. Har rana ta ɗaga, motar kamfani ta zo ta tafi.

Sai matata ta ɗaga labule.

"Malam, wai ƙosai take so."

Ban tashi nan da nan ba. Sai da ta sake faɗa.

Yarinya ta warke, yanzu ma 'ya'yanta uku. Amma busasshen sandan na bar shi tsaye bayan rumbu, ban cire ba, ban bar kowa ya taɓa ba. Wata rana na dawo daga aiki na tarar matar Baba ta tumɓuke shi ta hura wuta, ta tuƙa tuwo, har ta aiko mana da namu a kwano. Ban yi mata faɗa ba, ba ta san komai ba. Tuwon dai ban ci ba, kuma ban bari an ba yarinyar ba. Na saɓa ta a kafaɗa muka fita bakin titi na saya mata burodi.