Kek ɗin da Ya Jira Kawu Iliya

A gidanmu na Kagoma, in an ci tuwon acca an wanke kwanuka, ba a kashe wutar murhu. Kaka, mahaifiyar Mama, takan jawo 'yar kujerarta, ta tura doya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Rabin tatsuniyarta da yarenmu, rabi da Hausar coci. Ni dai, in faɗi gaskiya, ba labarin ne ke zaunar da ni ba. Idona na kan wani gwangwani da ke saman katanga, daidai kan gadonta.

Gwangwanin biskit ne, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Kowa ya san abin da ke ciki, kek ɗin auren Kaka. Marigayi kakanmu kuku ne a gidan wani Baturen reluwe a Kafanchan, matar Baturen ce ta gasa musu, irin mai busassun 'ya'yan itatuwa. Da aka ci aka sha, Baturiyar ta ware hawan sama na kek ɗin ta ce a ajiye, a riƙa yayyafa masa giya, sai ranar baftismar ɗan fari a yanka. Can ƙasarsu jarirai ake yi wa baftisma, shekara guda an wuce wurin. A cocinmu kuwa sai mutum ya girma, ya shiga aji, ya amsa da bakinsa, sannan fasto ya nitsar da shi a rafi. Baturiya ba ta sani ba, Kaka ba ta tambaya ba. Ta rufe gwangwani ta hau jira.

Ɗan farin shi ne Kawu Iliya. Abin da nake tunawa da shi kaɗan ne, dogo, mai yawan dariya, yana ɗora ni a wuya. Ya shiga ajin baftisma ya fita ban san sau nawa ba, yau ƙwallo, gobe aiki, kullum sai baɗi. Ana cikin baɗi yaƙin basasa ya zo, ya bi samari ya shiga soja. Wasu suka dawo, wasu aka kawo labarinsu. Shi babu shi, babu labari.

Kaka ba ta fasa ba. Ita da ke gaba-gaba a zumuntar mata, wadda ko warin burkutu ba ta so, duk Kirsimeti sai ta sa a sayo mata 'yar giya a ɓoye, ta kulle ɗaki ta yayyafa. Mama takan ce babu mashayi a gidan nan kamar kek ɗin nan. Ta sha faɗa mata cewa abin da ya haura shekara talatin ba abinci ba ne, guba ce, a zubar. Amsar Kaka ɗaya ce.

"Ki bari shi. Mai shi bai ce ya lalace ba."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wata tsohuwa ce, ɗanta ya tafi farauta bayan dutse, ya ce ta ajiye masa babbar doyar rumbu, in ya dawo su gasa. Damina ta faɗi ta ɗauke, bai dawo ba. Yunwa ta shiga gari, tsohuwa ta ci ganye, ta ci dusa, ba ta taɓa doyar ba. Kullum da safe doyar kan tambaye ta, "Iya, ya dawo?" Tsohuwa ta ce yana hanya. Wata safiya doyar ta ce, "Iya, na fara bushewa. Ki ci ni, ko ki rasa mu biyu." Nan Kaka take tsayawa, ta tona wuta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, ku kun ce yaya? Ya ci, ko ya ajiye?"

Mu kuwa, da ƙamshin doya a hanci, sai mu haɗa baki mu ce ta ci mana. Sai Kaka ta ce lokacin barci ya yi, gobe akwai makaranta. Ba ta taɓa kai labarin ƙarshe ba, mu ma ba mu taɓa nema ba.

Ni ce babba a jikoki, ni na fara gama aji. Ranar da aka yi mini baftisma, Kaka ta tsaya a bakin rafi cikin mata, ana waƙa, bakinta bai motsa ba. Da yamma aka taru a murhu kamar kullum. Ba ta fara tatsuniya ba. Ta ce wa Mama ta sauko mata da gwangwanin. Mama ta tsaya tana kallonta, sai da Kaka ta sake faɗa.

Da wuƙa aka ɓalle murfin. Ga shi a naɗe cikin farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa, ya tsuke, ya yi baƙi, bai fi curin daddawa ba. Wari mai ƙarfi ya taso, giya da wani zaƙi-zaƙi. Mama ta sunsuna, ta juya shi tana neman fumfuna, ba ta gani ba, duk da haka ta roƙi Kaka kada ta kai baki. Kaka ta gutsura da kyar, ta sa a baki, ta daɗe tana mamula don ba ta da haƙora. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Sannan ta yanko kaɗan ta miƙo mini.

"Saratu, ki ci. Na kawunki ne. Ba zai zo ba."

Tun da ya tafi, ba wanda ya taɓa furta wannan a gidanmu. Mama ta fashe da kuka, ƙananan suka bi ta ba su san dalili ba. Na ci. Yana da tauri, da ɗaci a bayan harshe, zaƙin can ƙasa. Cikina bai yi ciwo ba, na Kaka ma haka.

Yanzu na kai shekarun da Kaka take da su a lokacin. In hira ta kawo zancen ko irin wannan tsohon kek yana ciwuwa, nakan ce yana ciwuwa, ni shaida ce. Abin da ke ci mini rai daban ne. Da ina ɗauka tatsuniyar tsohuwa da doya wasa ce, ana yi wa mai taurin kai dariya. Sai da na haifi nawa na gane tambaya ce ta gaske. Ta rasa babban da za ta tambaya ko ya halatta uwa ta daina jiran ɗanta, shi ya sa take tambayar yara. Shekara da shekaru muna ba ta amsa da ihu muna dariya, ita kuma tana jin abin da muke cewa sarai.