Taken Tukur

Rabe makaɗin dambe ne, kuma abokina ne tun muna samari a unguwar Kinkinau. Amma da za a ce in faɗi mutumin da ya fi kowa ɓata mini rai a duniya, ba sai na yi dogon tunani ba. Ni tela ne, Usman sunana, shagona yana bakin layi. Bencin da ke ƙofar shagon kuwa Rabe ya gaje shi tun ina da rai. Nan yake wuni yana gyaran kalangunsa, yana shan shayina, yana gaya mini cewa ban san duniya ba.

Kiɗa gadonsa ne. Mahaifinsa makaɗin mahauta ne, shi kuma ya tashi ya bi 'yan dambe. Babu filin da bai taka ba daga Kawo zuwa Rigachikun, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba. Ga wanda bai sani ba, kowane ɗan damben kirki yana da takensa, wato kiɗan da aka yi masa shi kaɗai. Idan makaɗi ya kaɗa maka takenka a gaban jama'a, zama ya ƙare. Jiki ya ɗauki tsuma, mutum ya miƙe ko da an ɗaure shi. Wanda ya ji takensa ya ci gaba da zama, gara ya bar garin. Wannan shi ne abin alfaharin Rabe. Yakan ce, "Ni nake tayar da maza." Ni kuma in ce masa, "To wa yake kwasarsu in sun faɗi?"

Faɗanmu ke nan shekara da shekaru. Ni ba na ƙin dambe, na sha zuwa kallo. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake haɗa mutum biyu. Ragon layya ma sai an ɗaga shi an ji nauyinsa, an buɗe baki an duba haƙora. Amma ɗan mutum, da ido kawai za a dube shi a ce ya shiga ya tari wanda ya yi biyunsa. Ba ma'auni, ba likita, ba motar da za ta ɗauki wanda ya ji ciwo. Likitansu bokitin ruwa ne. Duk lokacin da na faɗi haka sai Rabe ya kaɗa kai ya ce, "Usman, dambe zuciya ce, ba nama ba." Sai ka ce zuciya ce ake naushi.

Akwai ɗan dambe ɗaya da Rabe ya fi so, Tukur, wanda ake yi wa laƙabi da Wutar Kara. Ɗan siriri ne mai zafin hannu, mahauci a kasuwar unguwarmu. Rabe ne ya yi masa take, kuma har yau tsofaffi suna tuna abin da kalangun yake cewa: "Tukur na Hansai, kira ɗaya ya ishe ka." Hansai matarsa ce.

Wata ranar kaka Tukur ya je fili kallo kawai, don zazzaɓi ya kwana biyu yana jijjiga shi. Aka zo da wani ƙato daga wani gari, ya zagaya fili aka rasa mai tara. 'Yan kallo suka fara tsaki. Rabe ya hango Tukur a zaune cikin bargo, ya ɗaga kalangu. Kira ɗaya kuwa ya ishe shi. Aka naɗa masa zare a hannu, ya shiga, ƙaton nan ya sauke masa hannu a tsakiyar ka. Suka kwara masa ruwa, ya farfaɗo, har ya yi dariya, ya taka da ƙafarsa ya tafi gida. Ba wanda ya ce a kai shi asibiti, ai namiji ne. Ya ce wa Hansai kansa na sarawa, ya kwanta. Da safe muka yi masa sutura. Ɗansa Salim a lokacin ko yaye shi ba a yi ba.

Ranar sadakar uku Hansai ta aika a kira mata Rabe. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Rabe, taken nan ka binne shi tare da mai shi. Kada yaron nan ya taɓa jin sa." Rabe ya rantse, kuma ina ba shi shaida, ya riƙe rantsuwar fiye da shekara ashirin. Amma kada ku ɗauka ya bar kiɗa. Ina! Take ɗaya ya kulle, sauran ya ci gaba da zuba su, kamar sauran 'yan damben ba uwa ce ta haife su ba. In na yi magana ya ce ajali ne. Ajalin da kullum sai an kaɗa masa kalangu yake zuwa.

Salim ya girma a hannuna, don Hansai ni ta kawo wa shi ya koyi ɗinki. Ya zama saurayi mai natsuwa, hannunsa a aikin wuyan riga ya fi nawa, ba na jin kunyar faɗa. Sai dai jikin ubansa ya ɗauko, ba tsoka ba nauyi, iska mai ƙarfi za ta iya gaishe shi. Kuma mutanen unguwa ba su bar shi ya huta ba. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Ɗan Tukur, yaushe za ka naɗa?" Ya ɗan taɓa dambe da sa'o'insa a ɓoye, na sani, na kuma ja masa kunne. Rabe kuwa kullum cewa yake, "Rabu da shi. Muddin bai ji taken ba, wasa yake yi."

Sai ga Shamsuddeen. Matashi ne mai fararen takalma da wayoyi biyu, ya kewaye wani fili da kwano a bayan Katabu ya mai da shi gidan dambe. Yana da lasifika, yana da masu ɗaukar bidiyo, yana da komai ban da ma'auni da likita. Wata hantsi ya zo shagona ya durƙusa gaban Rabe har ƙasa. Ya ce, "Baba, ku ne tarihi. In kuka tafi da waɗannan take-taken shi ke nan sun ɓace. Ina so in ɗauka a waya don 'yan baya."

Wanda bai san Rabe ba zai ce zai yi tunani. An ce masa tarihi, ai kansa ya riga ya kumbura. Ya kaɗa na wannan, ya kaɗa na wancan, Salim kuwa na aike shi Kasuwar Barci sayen zare. Can sai Shamsuddeen ya ce, "Baba, saura na Wutar Kara." Na tsayar da keken ɗinki na ce, "Rabe, bari!" Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

Ya ce, "Kai dai tela ne. Take ba ya aiki a cikin waya. Sai da hannun makaɗi, sai a fili, sai na kalli idon mutum. Wannan ai hoto ne kawai."

Na ce, "Hansai ba ta ce ban da hoto ba."

Ya ce, "Na rantse ba zan kaɗa wa yaro ba. Yaro yana nan?"

Ya kaɗa, ni kuma na tayar da kekena ina sake cewa, "Rabe, bari!" Wallahi ni da ba ɗan dambe ba sai da tsigar jikina ta tashi. Shamsuddeen ya yi godiya, ya sa wayarsa a aljihu ya tafi.

Bayan 'yan watanni, wata Lahadi, wani mai kawo ɗinki ya nuna mini talla a wayarsa: yau a Katabu, Katangar Rigachikun zai tsaya, kuma jinin Wutar Kara zai halarta. Katangar nan wani Ɗahiru ne mai dakon buhunan masara, wanda in ya tsaya a ƙofar shagona sai in kunna fitila. Salim kuwa tun azahar ya ce mini zai je gaida abokinsa. Na rufe shago na ja Rabe muka nufi Kawo muka hau mota. Duk hanya yana rungume da kalangu yana ce mini, "Kwantar da hankalinka. Kiɗan yana hannuna."

Muka isa bayan la'asar, muka tarar da Salim a layin gaba. An ba shi kujera, an ba shi lemo, wai babban baƙo. Na zauna kusa da shi na ce, "Ashe nan abokin naka yake." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, kallo kawai zan yi, wallahi." Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda.

Ɗahiru ya fito ya zagaya fili, ba wanda ya motsa. Shamsuddeen ya zo ya raɗa wa Rabe a kunne wai ya kaɗa taken Tukur. Rabe ya kwantar da kalangu a cinyarsa ya harɗe hannu, ya juyo ya kalle ni da murmushin nan nasa na wanda ya ci gardama. Murmushin bai gama sauka ba lasifika ta ɗauka.

Kiɗan Rabe ne, ba ragi. Har ƙarar kekena ana ji a bayansa, har muryata tana cewa, "Rabe, bari!" Tsofaffin da ke wurin suka miƙe suna ihu, "Tukur na Hansai! Kira ɗaya!" Fili ya juyo gaba ɗaya yana kallon saurayin da bai taɓa jin kiɗan nan ba a rayuwarsa, amma tun yana rarrafe ake ba shi labarinsa. Na ga ya yunƙura zai miƙe. Na damƙe rigarsa, ya zare jikinsa ya bar mini rigar a hannu.

Rabe ya zabura ya shiga kaɗa wani kiɗan daban da duk ƙarfinsa don ya danne wancan. Kalangu ɗaya a hannun tsoho, ga lasifika huɗu a kan sanduna, shi kansa bai ji abin da yake kaɗawa ba. Ya yar da kalangun ya nufi wajen wayoyin wuta, samari suka tare shi suna dariya, sun ɗauka tsuma ce ta kama Baba.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Ɗahiru da kansa ya dubi alƙalin wasa ya ce, "Wannan ai ba sa'ana ba ne." Wanda zai yi dukan ya ga abin da masu haɗawa suka ƙi gani. Amma an riga an naɗa zare, masu bidiyo sun kafa, jama'a na ihu. Ba a daɗe ba. Hannu ɗaya ne a gefen kunnen hagu, Salim ya tafi ƙasa da ƙeya.

Sai ga bokiti. Shekara ashirin da wani abu, an samu lasifika, an samu bidiyo, bokitin nan dai shi ne. Wani yana cewa a zaunar da shi, wani yana cewa namiji ne zai tashi. Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Na ce duk wanda ya taɓa kansa sai mun kwana a ofishin 'yan sanda. Mota kuwa babu. A bayan wata a-kori-kura mai ɗaukar tumatir muka kwantar da shi, Rabe ya tallafe kan Salim har cikin gari, jini na bin kunnen yana sauka a rigarsa.

Allah ya yi da sauran kwana, Salim ya tashi. Likita ya ce ƙashin gefen kai ya tsage, kunnen hagu ya tafi ke nan. Ya dawo shago, amma in ya daɗe yana kallon allura jiri yake ɗibarsa, sai ya dafa bango. Aikin wuyan da yake gamawa a yini yanzu sai ya kwana uku.

Bidiyon kuwa ya zagaye gari da kiɗan a kansa. Rabe ya bi masu cajin waya da masu tura waƙoƙi rumfa rumfa, daga Kinkinau har Kawo, yana roƙo su goge. Suna ce masa, "Baba, ai ka yi suna!" Wani ɗan acaɓa a layinmu ma da kiɗan wayarsa take ƙara. Rabe ya daina zuwa fili, ba don na ci gardama ba, don yanzu ba mai buƙatarsa. Shamsuddeen yana da shi a aljihu.

Sai da aka yi sati da sallamar Salim sannan ya iya zuwa gaban Hansai, kuma sai da na raka shi. Muka tsaya a zaure, ta fito da mayafi. Rabe ya tsuguna ya fara, "Hansai, Allah ne shaidata, ba hannuna ba ne ya..."

Ta ce, "Na ji kiɗan, Malam Rabe. Har a gidan suna an sa mini shi. Na san hannun."

Karo na farko ke nan a rayuwata da na ga an kayar da Rabe a magana, kuma ban ji daɗin da na daɗe ina zaton zan ji ba.

Ta gyara mayafinta ta ce, "Uban na ba ka gaba ɗaya. A jikin ɗan kuwa ka karɓi kunne ɗaya. Wanda ya rage ka bar mini shi, da shi nake kiransa ya ci abinci."