Hoton Ya'ƙub Direba

Ya'ƙub mutumin Maraɗi ne. Karatu ya kawo shi Alƙahira, amma Nahawu ya ƙi shi, shi ma ya ƙi Nahawu, aka rabu lafiya. Ya samu tuƙi a gidan wani jami'in jakadanci a Zamalek. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Hayyus Sabi', don haka abin da zan faɗa na gani da idona.

Kyakkyawa ne, ban musa ba, sai dai ya fi kowa sanin haka. Madubin motar maigidansa na duba baya ne, shi kuwa fuskarsa yake dubawa. Ko butar shayi ce, in dai tana sheƙi, sai ya gyara hula a jikinta. Raina yakan ɓaci, amma ba a iya fushi da shi, don ba shi da rowa, ga fara'a.

A shekarar 2013 maƙwabciyarmu Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai karatun zane-zane, ta tare shi a ƙofar gida. An ba su aikin zana wani labarin Girkawan dā: saurayin da ya ga fuskarsa a ruwa ya kamu da son kansa, budurwar da ke son shi kuwa ta yi ta ramewa har murya kawai ta rage.

"Ina neman wanda zai zauna in zana shi," in ji ta.

"Yalla, mu je! Ai kin samu," ya ce, kafin ta rufe baki.

Duk Juma'a sai mu hau rufin bene. A cika baho da ruwa, ya durƙusa yana kallon kansa, ita tana kallonsa, ni ina cin zalabiyar da ta soya masa. Unguwa duka ta san Mahasin son shi take yi, har mai gadi ya sani. Burinta ɗaya, ya ɗago kai ya gan ta. Da na yi masa shaguɓe, cewa ya yi ciyar da shi take yi don kumatunsa su ciko a hoto.

Da ta kasa faɗa da baki, sai ta faɗa da fenti. Ranar da ta yaye ƙyallen da ya rufe hoton, ga Ya'ƙub bakin ruwa, ga kuma wata mace bayansa tsakanin itatuwa, da lafaya ruwan goro. Fuskar Mahasin ce sak, har wushiryar. 

Gogan ya daɗe yana kallo, yana shafa gemu.

"Tamam! Kin iya, wallahi. Amma matar nan ta bayana, ki ɗan rage ta, 'yar'uwa. Tana janye idon mutane."

Na so in kifa masa bahon a ka. Mahasin kuwa dariya ta kama ta, har da hawaye. Ta tsoma buroshi a koren fenti, ta mai da matar ganye.

"Khalas, shi ke nan, ta tafi," ta ce.

Bayan an gama jarrabawa ta ba shi hoton kyauta. Ba a daɗe ba ta auri Hussain, wanda ya yi wa hoton katako, suka koma Omdurman. Ya'ƙub ya je bikin da sabuwar shadda, ya fi ango fitowa a hotuna.

Hoton yana rataye a ɗakinmu. Fentin nan kore bai yi kauri ba, in rana ta bugo ta taga sai inuwar fuska ta fito a cikin ganyen. Wata safiya na tarar da shi tsaye, hula a hannu, ya ƙura wa wurin ido.

"Wai wannan ba Mahasin ba ce?"

"Ita ce."

"Tun yaushe take nan?"

"Tun kafin ka ce a rage ta."

Ranar ya tafi aiki babu hula.