Mai Bokiti da Rufin Laburare

Mijin ƙanwata ya rasu a daminar nan, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kuma ta ce in rubuta wani abu a kansa, tunda na fi kowa daɗewa da saninsa. Zan rubuta. Amma mai neman yabo ya je ya karanta allon tagullar da ke bakin sabon laburare, can an yi masa wanda ya ishe shi.

Makaranta ɗaya muka yi, ta mishan, ina gabansa a aji. Ɗan tela ne, siriri mai manyan idanu. Lissafi ya gagare shi, rubutunsa kamar tonon kaza, amma tun lokacin ya gane abu ɗaya: in za ka roƙi malami afuwa, bari sai wani malamin yana kusa. Mu mu sha bulala, shi ya wuce tafin hannunsa lafiya lau.

Da 'yan mishan suka tafi, makarantar ta zama marainiya. Na koyar a cikinta har na yi ritaya, sannan na karɓi makullin laburare ba albashi. Dogon ɗaki ne mai manyan tagogi, kantocinsa na katako, ɗalibai ne suka haɗa su a ajin kafinta. Shugabarmu ta dā, wata mace mai furfura, ba ta barin yaro ya taɓa littafi sai ta duba hannunsa ciki da baya. A ɗakin nan na fara ganin teku, cikin wani babban littafin taswira mai shuɗin bango.

Shi kuwa ya sayar da tayoyi, ya yi dillancin gidaje, ya auri ƙanwata duk da abin da na gaya mata, daga ƙarshe kwamitin makaranta ya ɗora masa neman taimako. Ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Ba ya cewa yara da yawa ba su da takalmi. Yaro ɗaya zai tsayar a gaban baƙi, ya faɗi sana'ar uwarsa.

"Yaya," ya kan ce mini, "mutum ba ya tausayin taro. Taro tsoro yake ba shi, sai ya damƙe aljihu."

A wajen liyafa ya kan zaunar da mai gidan mai kusa da mai kantin magani, waɗanda ba sa ga maciji, ya fara tambayar wanda ya fi ƙaramin ƙarfi nawa zai bayar. Ɗayan kuwa ko zai kwana da yunwa sai ya ninka.

Wata damina kwano ɗaya ya tsage a rufin laburare. Na tara bokitin roba, na je na gaya masa. Ya zo ya tsaya, ya karkata kai yana sauraron ɗigon ruwa kamar mai jin kiɗa. Washegari ya dawo da bokitin ƙarfe, ya ɗauke nawa.

"Na roba ba ya magana," in ji shi.

Daga nan aka fara. Da hadari ya haɗu sai ya kwaso baƙi a mota, ya shigo da su, ya ɗaga hannu a yi shiru. Ɗal. Ɗal. Ba ya cewa uffan sai ya ga wata ta fara laluben jaka. Yara suka sa masa Mai Bokiti, ya karɓi sunan da murna.

Ba ɓarawo ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don ɓarawo ana kama shi a huta. Abin da aka bayar saboda rufi ya gina katanga da shi, ya haƙa rijiya, ya sayi motar ɗalibai. Rufin kuwa ko ƙusa ɗaya. Tsagar ta zama uku, bokitai suka yi layi.

Na same shi a gida suna cin abinci.

"Baban Auta, yaushe za a gyara rufin nan?"

"Yaya, zauna ka sa hannu."

"Ban zo ci ba."

"Ciwon da ya warke, wa yake zuwa dubiya? Ka liƙe ramin nan yau, gobe ka gaya mini da bakin wa zan roƙa."

"Littattafan fa?"

"Matsar da su."

"Na matsar. Ruwan yana bin su."

"To ka gani, shi ma ruwan yana son boko."

Ya yi dariya har da ƙwarewa. Ƙanwata ta miƙa masa kofi, ta ce, "Yaya, kai ma da naci kamar ƙuda. Bar shi ya haɗiye mana."

Na nemo kafinta da kaina. Maigadi ya hana shi shiga da tsani, wai umarnin kwamiti ne, sai bayan zuwan wasu manyan baƙi. Bayansu aka jira waɗansu. Ruwan da ba ya faɗa wa bokiti kuwa yana ta cin katakon da ke riƙe da rufin.

Ranar da rufin ya rufto, makaranta tana hutu, ba yaron da ya ji ciwo, na gode wa Allah. Na shiga ruwa har idon sawu. Ƙamus mai jar fata ya narke a hannuna. Na ciro littafin taswira daga ƙarƙashin kwano, ya kumbura, shafukansa sun manne. Ina tsaye da shi sai ga Mai Bokiti da mai hoto a bayansa.

"Yaya, tsaya haka. Ɗaga shi kaɗan. Kada ka share fuskarka."

Abin da na gaya masa ba zan rubuta ba, ba tarbiyyar da aka yi mana ba ce. Amma kafin in buɗe baki an riga an ɗauka. Hoton nan shi ya gina sabon laburare: tsoho yana kuka da littafi a ƙirji. Shi da kansa ya gaya wa ƙanwata bai taɓa samun abin da ya yi masa aiki kamar fuskata ba.

Sabon ɗakin yana da fanka da kantocin ƙarfe. An ce rabin kantocin wayam suke, kuma da gangan ya bar su haka, don kanta cike ba ta roƙo. An ce, domin ban taɓa shiga ba. Littafin taswirar yana ɗakina. Na gwada shi da tururi, na gwada da bakin wuƙa, bai buɗe ba.

Yanzu kwamiti ya yanke shawarar ajiye bokitin ƙarfen nan a ƙofar laburare don tunawa da shi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Sun aiko a gaya mini wai ni zan fara jefawa, a gaban jama'a, mai gidan mai yana tsaye kusa da ni. Ya koyar da su da kyau. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe su, ranar ina da aiki.